Tambaya da Amsa: Ina Son Rage wa Motata Tsayi, Wane Sifirin Ne Ya Dace da Ita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ina da mota Golf 3 ƙirar shekarar 1996, mai injin fetur 1.8, ba wagon ba. Da ita nake zuwa wurin aiki a cikin birnin Kano, kuma kusan duk ƙarshen wata nakan ɗauki iyalina mu je gaida mahaifiyata a wani ƙauye da ke can gefen hanyar Gwarzo. Na daɗe ina sha'awar motocin da aka rage wa tsayi, waɗanda za ka ga taya ta cika gurbinta babu sarari mai yawa a samanta. Da na yi wa makanikena maganar sai ya ce ba sai na kashe kuɗi ba, zai yanke zagaye ɗaya da rabi daga kowane sifirin, ko kuma ya kai wa mai walda ya gasa su da wuta har su zauna. Wani abokina kuma ya ce akwai sifirin da aka ƙera musamman domin wannan aiki, in nema a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko in yi oda daga waje. Wace shawara zan bi, nawa ya kamata in rage, kuma me zan lura da shi wajen ɗaurawa? Allah Ya ƙara basira.

Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam, amin summa amin. Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi tambaya tun kafin a sa wa motarka ƙarfe, domin mafi yawan waɗanda ke rubuto mini a kan wannan batu sai bayan aikin gama ya gama suke tuna neman shawara.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne cewa sararin nan da kake gani tsakanin taya da jikin mota ba sakaci ne ya sa masu ƙera ta suka bar shi ba. Wuri ne da aka tanadar wa taya ta yi sama idan ta hau tudu ko ta faɗa rami, sifirin ya matse ya shanye bugun, shokazoba kuma ta hana shi ci gaba da lilo. Saboda haka duk milimita ɗaya da ka rage, daga wuri biyu kake ɗebe ta a lokaci guda: daga tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa, da kuma daga filin da taya ke da shi na motsawa. Abin da kake samu a madadin haka shi ne kyan gani, sai kuma raguwar karkatar da mota ke yi a kwana, tun da nauyinta ya matso kusa da ƙasa kuma sifirin ya fi na asali tauri. Wannan amfani na gaske ne, ban raina shi ba, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar za ta fi jin gargada, kuma fasinjan baya ne zai fara gaya maka.

Shawarar makanikenka kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka bi ta. Taurin sifirin yana tafiya ne da yawan zagayen da ke aiki a jikinsa. Idan, a misali, zagaye shida ne ke aiki aka yanke ɗaya suka koma biyar, taurinsa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100, to amma tsawon da ya rasa ya fi ƙarfin wannan ƙari, don haka motar za ta riƙa kaiwa ƙarshen motsinta tana dukan robar tsayarwa a ramin da a da ba ta ko jinsa. Bayan haka, bakin sifirin an lanƙwasa shi ne daidai da mazauninsa na sama da na ƙasa. Da zarar an yanke, ba zai ƙara zama daram ba, kuma da yake ya gajarta, duk lokacin da taya ta sauka ƙasa sosai, kamar idan mota ta yi tsalle a kan tudu, yana iya saki ya goce. Na taɓa tsayawa a wani gareji na ga an ciro irin wannan daga gaban wata ƙaramar mota: yankakken bakin ya sauka daga mazauni ya jingina da gefen taya ta ciki, ya zana mata layi mai zurfi ta zagaye, har zaren cikinta ya fara leƙowa. Mai motar bai san da shi ba, ƙara kawai yake ji idan ya karya sitiyari. Da tayar ta fashe a kan babbar hanya, da labarin ya sha bamban.

Gasawa da wuta ta fi yankan muni. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta da zafi da sanyi bisa ƙa'ida domin ya riƙa lanƙwasawa yana komawa yadda yake. Idan harshen wutar mai walda ya taɓa shi har ya yi ja, wannan dahuwa ta lalace a wurin, sai ya ci gaba da zama a hankali ko ya karye ba zato, kuma babu mai iya gasa guda huɗu su sauka daidai da juna. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Abokinka ne ya fi kusa da gaskiya. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, fitattu a ciki su ne Eibach da H&R na ƙasar Jamus da kuma Tein na Japan. Sifirin ɗinsu ya fi na asali gajarta, amma an ƙara masa tauri gwargwadon filin da aka rage, an kuma yi bakinsa daidai da mazaunin motar da aka ƙera shi dominta. Da yawa daga cikinsu za ka ga wasu zagayen sun matsu kusa da juna, wasu kuma sun buɗe. Matsattsun su ne ke riƙe sifirin a mazauninsa idan taya ta sauka, buɗaɗɗun kuma su ke ɗaukar nauyi. Sai dai kafin ka je kasuwa akwai aikin da za ka yi a gida da tef ɗin awo, kuma a ganina shi ne ya fi kowane mataki muhimmanci.

Ka ajiye motar a kan siminti mai shimfiɗa, iskar tayoyi daidai, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin ƙarfen da ya rufe saman taya, a duk kusurwa huɗu, ka rubuta. Ana aunawa daga tsakiyar wili ne domin kada iskar taya ko girmanta su rikita lissafi. Sannan ka durƙusa ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi komai sauka a cikin motar, wanda galibi kaskon baƙin mai ne da ke ƙarƙashin inji ko kuma bututun salansa. Daga nan ka sa mutum huɗu manya su shiga, a zuba kaya a but kamar yadda kuke yi ranar tafiya ƙauye, ka sake aunawa. Wannan awo na biyu shi ne tsayin motarka na haƙiƙa. Idan, a misali, ka samu santimita 12 da lodi, ka cire 4, saura 8, wato ƙasa da faɗin tafin hannunka. Sai ka tuno da kwalbatin ƙofar gidanku, da tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu ba tare da wani ma'auni ba, da tsakiyar hanyar ƙauye wadda manyan motoci suka cinye gefenta biyu suka bar mata doro, da kuma ruwan da ke kwanciya a titunan Kano a watan Agusta. Idan kaskon baƙin mai ya daki dutse ya tsage, man zai tsiyaye cikin 'yan mintuna, kuma wanda bai lura da jar fitilar mai ba zai iya rasa inji gaba ɗaya.

Akwai wani abu da awon zai nuna maka. An ƙera Golf 3 ne tsakanin 1991 da 1997, don haka sifirin ɗin da ke kan taka, idan na asali ne, ya yi shekaru masu yawa yana ɗauke da nauyi kuma tabbas ya ɗan zauna. Adadin da kamfani ke rubutawa a kwali, kamar milimita 30 ko 40, daga tsayin sabuwar mota aka lissafa shi. Mai yiwuwa ne ka ɗaura na milimita 30 ka ga motarka ta sauka da 15 kacal, domin ta riga ta yi rabin tafiyar da kanta. Wannan ba alamar an cuce ka ba ce.

Game da adadin da ya dace, ra'ayina shi ne kada ka wuce milimita 30 a motar da ke ɗaukar iyali tana shiga hanyar da ba kwalta. Samfurin Eibach da ake kira Pro-Kit yana ragewa ne matsakaici, a kusa da wannan adadi, shi kuwa Sportline ya fi shi sauka sosai, kuma an yi shi ne domin masu bin titi mai santsi. Idan aka kai milimita 50 ko 60, ba maganar gogar ƙasa kaɗai ba ce. Hannun ƙasa da ke riƙe tayar gaba yakan tashi daga kwanciyarsa ya karkata, sandar sitiyari ma haka, sai ka ji mota tana fizgar kai gefe da kanta duk lokacin da ta taka gargada, wato ka biya kuɗi ka sayo wahalar tuƙi.

Wajen saye, cewa "na Golf 3" bai wadatar ba. Motar ta fito da injuna iri-iri, tun daga 1.4 da 1.6 da 1.8 har 2.0 da VR6 mai 2.8, ga kuma masu shan gas na 1.9, kuma nauyin da ke kan tayoyin gaba ya bambanta a tsakaninsu. Sifirin ɗin da aka yi wa mai injin gas ko VR6 ya yi wa taka tauri, ba zai sauka yadda aka ce ba, wanda aka yi wa 1.4 kuma zai iya nutsewa fiye da kima. Na bayan wagon ma daban yake, domin an yi shi ne don kaya. Ka duba ɗan farantin bayanan mota da ke ɗakin inji ko jikin ginshiƙin ƙofa, za ka ga jerin nauyi a kilo, biyun ƙarshe an sa musu lamba 1 da 2. Na ɗaya shi ne iyakar nauyin da gaba ke ɗauka, na biyu na baya. Kayan Jamus na ƙwarai sukan zo da takardar gwaji ta hukumar TÜV wadda ta ambaci motocin da suka dace da su da iyakar nauyinsu, sai ka gwada da naka. Ka kuma ba mai sayarwa lambar shasi da shekarar ƙira, domin an yi wa saman ƙafar gaba sauyi a tsawon shekarun da aka yi ana ƙera motar.

Idan a Ƙofar Ruwa za ka nema, ko Panteka ta Kaduna, to sai ka buɗe ido, domin ja ko shuɗin fenti ba shaida ba ne. Sifirin na gaske yana da lambar kamfani a buge a jikin zagayensa, na Jamus kuma sau da yawa za ka ga VA a na gaba, HA a na baya. Ka juya bakinsa ka duba: wanda ya fito daga masana'anta fentinsa ya rufe har ƙarshe, wanda aka yanka kuwa za ka ga sawun dutsen yanka ko da an shafe shi. Ka tsayar da na gaba biyu kusa da juna a ƙasa, haka na baya, ka tabbatar tsawonsu ɗaya. Duk wanda tsatsa ta ci har ta yi masa ƙananan ramuka ka bar shi, domin daga nan karaya ke farawa. Kuma ka sayi huɗun tare daga saiti ɗaya, kada a haɗa maka na gaba daga wani kamfani, na baya daga wani.

Sai maganar shokazoba, wadda a nan ne mutane da yawa ke tsuke hannu su yi da-na-sani. Sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi, tsohuwar shokazoba kuwa ba za ta iya riƙe shi ba, sai mota ta riƙa tsalle-tsalle taya na barin ƙasa, kuma tayar da ba ta manne da ƙasa ba ba ta jin birki. Idan raguwar ba ta wuce milimita 30 ba, sabuwar shokazoba mai kyau irin ta asali za ta iya aikin. Idan ta wuce haka ana buƙatar wadda aka gajarta sandarta musamman, irin Bilstein B8. A motarka sifirin yana zagaye ne da shokazoba gaba da baya, saboda haka dole a kwance su duka, kuma hikima ita ce a sauya shokazobar da robar samanta da robar tsayarwa da rigar ƙura a zama ɗaya, kuɗin aiki ɗaya.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin da kanka. Kada makanike ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a sa mata matokari na ƙarfe. Kada kuma a kwance babban notin saman shokazobar gaba sai an matse sifirin da ƙarfen matsewa na gaske, guda biyu suna fuskantar juna. Na sha ganin ana ɗaure shi da waya ko igiya, yaro ya taka da ƙafa, oga ya kwance noti. Sifirin da ke matse yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo, idan ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fasa fuska, kuma yaron nan ɗan wani ne. Bayan an sa sabon, a juya shi har bakinsa ya shiga ɗan gurbin da aka yi masa a mazauni, rubutun jikinsa yana karantuwa a miƙe ba a kife ba. Duk kusoshin da suka ratsa ta cikin bushin na roba kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta a kan tayoyi, domin idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta tsage cikin ɗan lokaci.

Akwai wani abu da ya shafi irin motarka wanda ba kowane makanike ke tunawa da shi ba. Golf 3 da yawa, musamman marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, suna da wani ɗan bawul kusa da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya wanda ke ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki gwargwadon yadda lodi ya danne motar. Idan aka rage tsayi, bawul ɗin zai ɗauka mota cike take da kaya alhali babu kowa a baya, sai ya tura ƙarfi fiye da kima, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, mota ta juya da kai a kan jiƙaƙƙen titi. Ka sa a duba ko taka tana da shi, idan akwai a daidaita shi da sabon tsayin. Haka fitilun gaba, a sake saita su. Alaimen kuwa, wato saita tayoyi su tsaya daidai, wajibi ne. Ka yi tafiya a hankali na mako ɗaya ko biyu sifirin ya gama zama, ka sake awon nan na kusurwa huɗu, sannan ka kai ta wurin masu na'urar kwamfuta.

Da ni ne ke da wannan mota, ga mahaifiya a ƙauye, ga iyali a kujerar baya, da awon lodin nan zan bari ya yanke hukunci. Idan ya nuna akwai sarari, na milimita 30 da sababbin shokazoba zai ba ka kyan da kake so ba tare da ka riƙa sauke fasinja a bakin kowane tudu ba. Idan babu, sabon sifirin na asali da shokazoba mai kyau za su sa ka ji motar ta natsu a kwana fiye da yadda ka saba. Ka kuma ajiye tsofaffin sifirin ɗinka a gida, domin ranar sayar da mota mai saye zai fi son ta da tsayinta.

TAMBAYA

Salamu alaikum, Malam. Ɗana ya sa wa motata Honda Civic ƙirar 2008 sifirin na rage tsayi wata biyar da suka wuce. Yanzu tayoyin baya sun cinye ta gefen ciki har sun yi santsi, alhali gefen waje kamar sabo, kuma mota tana wani gurnani idan na yi gudu. Mai faci ya ce tayoyin ne marasa kyau. Shin haka ne?

Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA

Wa alaikis salam. Hajiya, ba na jin laifin tayoyi ne, kuma idan kika sayi sababbi ba a gyara tushen matsalar ba, su ma haka za su ƙare. Ƙafar bayan wannan Civic, idan mai but ce wato salun, ba irin ta Golf ɗin da muka yi magana a kanta ba ce. Kowace tayar baya tana da nata hannuwa masu motsi daban, kuma an tsara su ne ta yadda idan mota ta sauka, saman taya zai karkata ciki. Da aka rage tsayi sai tayoyin suka zauna a wannan karkace dindindin, nauyi ya koma kan gefen ciki. Tare da haka, saitin da ke sa tayoyin biyu su fuskanci gaba sak shi ma yakan goce, kuma shi ne ya fi saurin cin taya, domin tana tafiya ne tana gogar kwalta a kaikaice. Gurnanin da kike ji galibi daga wannan cin da bai daidaita ba yake fitowa. Ki shafa tafin hannu a kan tayar, za ki iya jin tudu da kwari kamar haƙoran zarto.

Ki tambayi ɗanki ko an yi alaimen na tayoyi huɗu bayan ɗaurawar, domin wurare da yawa na gaba kaɗai suke taɓawa. Fuskantar tayoyin baya ana iya saita ta a wannan mota, amma karkatar sama ba ta da abin saitawa daga masana'anta, sai an sauya hannun sama na baya da irin wanda ake iya ƙara masa tsawo ko ragewa, ɗaya a kowane gefe. Idan samun wannan zai yi wuya, kuma ke dama ba ke kika nemi a rage tsayin ba, mayar da sifirin na asali shi ne mafi sauƙi da araha, sannan a yi alaimen. Tayoyin da suka yi santsi kuwa a cire su tun yanzu, kada a juya su gaba, kuma kada ki hau hanyar Zariya ko ta Abuja da su kafin a sauya.